Yadda za ka tsare wasanka na GPS tun kafin masu manhaja su janye hannu

Jama'a masu wasan neman ɓoyayyen abu da GPS, wato geocaching, da masu bin Pokémon a kan titi, da ku da kuke ta tambaya ya ake farawa, akwai maganar da gara mu yi ta yanzu da sauran lokaci. Duk wasannin nan a kan manhaja suke tafiya, manhaja kuma tana da mai ita, ranar da ya ga babu riba ko hankalinsa ya koma wani wajen sai kawai ya daina gyara, kai kuma da ka ɓata watanni kana tara wurare da maki ka tashi da safe abu ya ƙi buɗewa. Mu nan Kaduna ba mu da yawa, babu kamfanin da zai tsaya jin ra'ayinmu kafin ya yanke shawara, zaman haya muke yi a cikin waɗannan manhajoji, toh mai hankali tun da wuri yake sanin wane kaya ne nasa na kansa da zai iya fita da shi.

Abin ya sha faruwa. Minecraft Earth an rufe shi a ƙarshen watan Yuni na 2021. Harry Potter: Wizards Unite na kamfanin Niantic ya fito a 2019, zuwa ƙarshen Janairun 2022 an kashe shi gaba ɗaya. Garmin, masu ƙera na'urorin GPS, da kansu sun taɓa buɗe shafin ajiye ɓoyayyun wurare a 2010, suka rufe shi a 2015. A 2025 kuma Niantic ta sayar da Pokémon GO da wasu wasanninta ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5, wasan yana nan yana tafiya lafiya amma dai ya canza hannu, kuma wanda ya saya shi ke da ikon cewa ga inda za a nufa. Wanda ya fi damuna shi ne Wherigo, wanda Groundspeak, masu shafin Geocaching da ke Seattle a Amurka, suka fito da shi a 2008. Wasa ne mai daɗi wallahi, labari ne ake rubutawa a ɗaura shi a kan wurare na gaske, sai ka taka ka isa wurin sannan wayarka ta buɗe maka ci gaban labarin ko ta jefo maka tambaya. Na'urorin Garmin na lokacin irin su Colorado da Oregon na farko suna kunna shi, waɗanda suka biyo baya aka cire, Groundspeak kuma ya karkata ga sabon wasansa Adventure Lab, yau shekaru ke nan 'yan sa-kai ne suke riƙe da Wherigo da manhajoji irin su WhereYouGo na kunnawa da Urwigo na rubutawa. Ba a rufe shi ba, amma kuma babu wanda ya ɗau maka alkawarin gobe.

Fara da gane wane irin wasa kake yi

Wannan shi ne matakin farko kuma sauran duk a kansa suke. Wasannin iri biyu ne. Akwai wanda komai nasa yana cikin babbar kwamfutar kamfani, wayarka leƙawa kawai take yi, irin Pokémon GO da Ingress. Akwai kuma wanda asalinsa lambobin wuri ne da bayani da fayil, irin geocaching da Wherigo, wanda in ka sauke kayan a wayarka ko babu data zai yi aiki.

Gwajin ba shi da wuya. Ka buɗe wasan, ka kashe data da wayifai, ka bar lokeshon a kunne, ka ga me ya rage. In ya tsaya cak yana juyawa toh irin na farko ne. In taswira da wuraren suna nan kuma ɗigon da ke nuna ka yana motsi in ka taka, irin na biyu ne kuma shi ne ake iya ceto. Mutane da yawa suna ɗauka GPS data yake ci, a'a, wayarka sauraron taurarin ɗan adam kawai take yi da suke can sama wajen kilomita dubu 20, tana buƙatar jin aƙalla guda 4 ta lissafa inda kake, data tana taimaka mata ne ta kama da sauri da kuma sauko da hoton taswira. Wayoyin yanzu da yawa ma ba na Amurka kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Kenan siginar kyauta ce kuma ba ta hannun kamfanin wasa.

In naka irin na farko ne

Gaskiya a nan abin da za ka iya kaɗan ne, kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ajiye fayil ɗin manhajar zai cece ka, in an kashe daga can ko ka saka shi ba abin da zai buɗe. Abin yi shi ne ka haɗa akawun ɗinka da hanyar shiga fiye da ɗaya, misali Google da Facebook, saboda in ɗaya ta sami matsala ɗayar ta tsaya maka. Ka riƙa ɗaukar skirinshot na abin da ka tara lokaci lokaci. Masu Pokémon GO suna da damar tura wasu Pokémon ɗin zuwa manhajar ajiya ta Pokémon HOME, amma ka sani in sun tafi ba sa dawowa cikin GO. Kuɗi kuma, don Allah a yi a hankali, kada ka sayi abin da sai shekara mai zuwa za ka mori amfaninsa.

Kuma sau da yawa wasan bai mutu ba wayarka ce aka bari a baya. A 2025 Pokémon GO ya daina aiki a wayoyin Android masu tsarin 32-bit, kuma ƙananan wayoyi masu araha da yawa, musamman masu Android Go, a wannan tsarin suke. Saboda haka in za ka sayi waya a kasuwar Sheikh Gumi ko wajen masu na hannu don wannan wasan, ka tabbatar 64-bit ce, ka kuma duba tana da kamfas a ciki, don akwai wayoyin da babu, kibiya sai ta riƙa nuna maka wani wajen daban in kana tsaye. Alamun wasa ya kusa tafiya kuwa sanannu ne, afdet ya ɗauke na tsawon watanni, a rufe sayen kaya a ciki, daga nan a cire shi daga Play Store, haka aka yi wa Wizards Unite kafin a kashe shi.

In naka irin na biyu ne, nan aikin yake

Abu na farko ka fitar da wurarenka zuwa fayil ɗin GPX. Wannan tsari ne buɗaɗɗe tun 2002, ba mallakin kamfanin wasa ba ne, rubutu ne zalla wanda ko da manhajar rubutu ta kwamfuta ka buɗe shi za ka ga sunan wuri da lambobinsa da idonka, kuma kusan duk manhajar taswira da na'urar GPS suna karanta shi. In kana amfani da c:geo, manhajar geocaching ta Android, ka adana wuraren cikin jeri, ka shiga jerin ka zaɓi fitarwa zuwa GPX, sannan ka shiga saiti ka yi ajiyar bayanan manhajar gaba ɗaya. Biyun duka za ka yi, saboda ajiyar c:geo ita kaɗai ke karanta abinta, GPX kuwa kowa na karantawa. Ina son c:geo sosai don 'yan sa-kai ne ke yin ta kuma rubutun manhajar a buɗe yake ga kowa, amma ka san cewa shafin Geocaching take karantowa, duk ranar da masu shafin suka canza fasali takan rikice har sai an fitar da gyara, wanda ya riga ya adana wurarensa a waya shi ba ruwansa, fita kawai zai yi. Abin da ka sauke daga shafinsu don amfanin kanka ne, kada ka kwashe bayanan mutane ka je kana rabawa a fili.

Na biyu taswira. Ka sauke taswirar Najeriya ko ta yankinmu a Organic Maps ko OsmAnd, dukansu daga OpenStreetMap suke ɗebowa, taswirar da jama'a ke zanawa da hannunsu tun 2004, kuma suna aiki ba data. c:geo ma tana da wurin sauke taswira a cikinta. Ka yi wannan inda akwai wayifai ko da dare lokacin da data ke araha. Sai ka shigo da GPX ɗinka cikin wata manhajar daban da wadda ta fitar da shi ka ga wuraren sun hau daidai, in ba ka gwada haka ba toh ba ka san ko ajiyar ta yi ba. Za ka lura wasu lungunan Rigasa ko Tudun Wada ko Hayin Banki ba su cika a taswirar ba ko babu suna, wannan kai ma za ka iya gyarawa, buɗe akawun kyauta ne, kuma abin da ka zana ya zama na kowa.

Na uku, masu Wherigo. Kowane wasa fayil ne guda mai ƙarewa da gwc, da zarar ka sauke shi daga shafin yana aiki ba intanet, toh duk wanda kake sha'awa ka sauke shi yau kada ka ce sai ranar da za ka buga. In ka gama wasa yakan ba ka lambar kammalawa, ka rubuta ta a wani wuri. In kuma kai ne ka rubuta wasan, abin da ya fi komai daraja shi ne asalin aikin, wato fayil ɗin Urwigo da na gwz wanda daga shi ake haɗa gwc, da hotuna da muryoyin da ka saka, da labarin kansa a rubuce a takarda ko fayil ɗin rubutu, kowane zango da lambobinsa da tambayarsa da amsarsa. Da yaren kwamfuta na Lua ake rubuta waɗannan wasannin, yare ne da ke raye ana amfani da shi a wurare da yawa, kenan mai asalin aiki a hannu ko shekara nawa aka yi zai sami wanda zai juya masa shi zuwa wani tsarin. Wanda ya riƙe gwc kaɗai ya yar da asali shi ne zai sha wuya.

Na huɗu ita manhajar kanta. Ka ajiye fayil ɗin APK, wato wanda ake saka manhaja da shi a waya, na c:geo da WhereYouGo da manhajar taswirarka, amma daga F-Droid, rumbun manhajoji na kyauta, ko shafin masu aikin na asali, banda waɗanda ake turawa a guruf an ce an buɗe komai kyauta, a nan ake kwasar ɓarayin akawun. Sai dai akwai wani tarko, daga Android 14 waya tana ƙin karɓar manhajar da aka gina don tsofaffin Android na ƙasa da 6, kuma wannan iyakar gaba take ƙara matsawa, kenan APK ɗin da ka ɓoye yau wata rana sabuwar waya za ta ce ba ta san shi ba. Maganin da na fi yarda da shi shi ne tsohuwar waya. In ka sayi sabuwa kada ka yi saurin sayar da tsohuwar in GPS ɗinta na da kyau, ka goge tarkacen ciki, ka bar manhajojin wasa da taswira da fayilolinka, ka kashe afdet na kai tsaye, ba ta buƙatar layi ma. Ka ajiye ta da caji wajen rabi a wuri mai sanyi, kana kunna ta jefi jefi, don zafin watan Maris da Afrilu na garin nan yana kumbura batir, in ka ga bayanta ya fara tasowa ka kai a canza kada ka ci gaba da caji.

Masu tsohuwar na'urar GPS ta hannu kuma, in ka ga tana nuna kwanan wata na shekarun baya ba lalacewa ta yi ba. Tsohon tsarin siginar makonni 1024 yake ƙirgawa ya koma sifili, hakan ya faru a watan Afrilun 2019, na'urorin da aka daina yi wa afdet wasunsu suka rikice a kwanan wata, amma da yawa suna ci gaba da nuna wuri daidai.

Duk wannan ka tara shi a folda ɗaya, ka sa kwanan wata a sunanta, kwafi ɗaya a waya, ɗaya a memori ko filash, ɗaya a imel ko Drive, ɗaya kuma wajen abokin wasanka.

Lambobin wuri, inda aka fi yin ɓarna

Zan ɗan daɗe a nan saboda ajiyar da lambobinta suka karkace ba ta da amfani. Kaduna tana wajen digiri 10 da minti 31 arewa, digiri 7 da minti 26 gabas. Masu geocaching suna rubutawa da digiri da minti da ɗigo, kamar N 10° 31.000, Google Maps kuma ta fi nuna digiri da ɗigo kawai, inda wannan lambar za ta koma 10.5167. Kowane digiri minti 60 ne ba 100 ba. Toh in wani ya ga 10° 31 ya je ya rubuta 10.31, ya jefa mutane sama da kilomita 20 kudu da inda ake nufi, wato ka ce a haɗu a cikin gari lambar ta nuna daji, kuma a halin da ake ciki wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Don haka ku zaɓi tsari ɗaya a ƙungiyarku ku rubuta shi a saman takarda, kuma duk lambar da aka turo a fara ɗora ta a taswira a gani kafin kowa ya fita daga gida.

Sannan GPS da tsarin auna wuri na WGS84 yake aiki, tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuma da ma'aunin Minna aka yi su, in ka kwafo lamba daga irin waɗancan takardun za ka ga ta kauce da mitoci masu yawa. In kana ɗaukar lambar wuri da kanka, ka tsaya a fili ba ƙarƙashin rumfar kwano ko jikin dogon bene ba, ka jira kamar minti biyu lambar ta natsu, ka ɗauka, ka tafi ka dawo ka sake ɗauka, in da hali wata ranar ma ka sake sannan ka ɗauki tsakiya. Waya mai kyau a fili takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, shi ya sa kowane wuri yake buƙatar bayani da baki, misali gindin bishiyar da ke hagu da ƙofar shiga, wannan bayanin shi zai yi aiki ranar da na'ura ta ƙi.

Ku gina naku na nan gida

Shi geocaching ɗin ma da ya fara babu wata manhaja. A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da take yi wa farar hula da gangan, washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya binne bokiti a jihar Oregon ya wallafa lambobin wurin ya ce a nemo, shafin Geocaching sai a watan Satumba na shekarar ya zo. Kenan mu ma da takarda da guruf ɗin WhatsApp da manhajar taswira kowace iri za mu iya shirya wasa mai kyau wanda ba ya jiran kowa.

Shawarata a Kaduna ku bar maganar ɓoye akwati ko gwangwani. Garin nan ya ga abubuwa, mutum ya gan ka kana tura roba a ƙarƙashin benci kana waige waige ba zai tsaya tambayar sunan wasan ba, kuma yana da gaskiya. Ku yi na tambaya, a ba mutum lambobi, in ya isa ya amsa abin da sai wanda ya je wurin zai sani, amsar kuma ita za ta ba shi lambar zango na gaba, wanda dama haka Wherigo yake, kawai kun mayar da shi takarda. Wurare kuwa muna da su, Gamji da tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, Murtala Square, gidan tarihi na kan titin Ali Akilu, Arewa House inda Sardauna ya zauna, duk wurare ne da tambaya mai ma'ana za ta fito kuma yaro ya koma gida ya san wani abu game da garinsu. Inda akwai masu gadi ku fara gaishe su, ku ce baba ga abin da muke yi, in cikin unguwa ne a sanar da mai unguwa, kuma in an ce a'a shikenan a canza wuri. Kada a sa zango kusa da bariki ko NDA ko sansanin sojan sama ko banki ko shingen jami'an tsaro, masallaci da coci ma a bar su sai da izinin masu wurin, kada a fita bayan gari, a yi da rana a gama kafin magariba, mutum biyu ko fiye, waya kuma ba a tafiya da ita a hannu a bakin titi, ka duba ka mayar aljihu. Bakin kogi a bar shi daga Agusta zuwa Satumba lokacin da ruwa ke cika.

Kowane wasa da kuka shirya a rubuta shi kashi biyu, takardar 'yan wasa mai lambar farko da tambayoyi, da takardar mai shiri mai dukkan lambobi da amsoshi da GPX ɗinsa, kuma ta biyun kada ta zauna a hannun mutum ɗaya, don mu ma kanmu muna iya zama matsalar, mai shiri ya tafi bautar ƙasa ko aiki ya mayar da shi Abuja ko wayarsa ta faɗi shikenan wasa ya bi shi. In kana da ɓoyayyen wuri a shafin Geocaching kuma ka san za ka bar gari, akwai hanyar miƙa shi ga wani ɗan wasa a shafin, ka yi hakan kafin ka tafi.

Bayan kowane wata uku ko huɗu ku ɗauki wayar wani daban wadda ba ta taɓa ganin wasan ba, ku saka mata manhaja da taswira da GPX daga cikin foldar ajiya kaɗai, ku kashe mata data, ku ba ƙaramin cikinku ya bi zango biyu ko uku da ita. Duk inda ya maƙale ku rubuta, ku gyara foldar a ranar, ku canza kwanan watan da ke sunanta ku sake tura wa kowa.